Kwaɗon da na sa wa tafsirin Baba

Mutanen garinmu, Allah ya shirye su, babu wanda ya kai su iya bayani a kan abin da ba su sani ba. Ka tambayi mutum yaushe zai kai taki gona, ya ce sai ya yi shawara. Amma ka miƙa masa waya, nan take ya zama injiniya.

Babana ne ke tafsirin azumi a masallacin Juma'armu tun ina goye. Ni kuwa ina da ɗan shagon kwamfuta a Ɗambatta. Da na ga girma ya fara kama shi, sai na riƙa naɗar karatunsa, na buɗe masa shafi a intanet, na kama hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, na zuba komai a ciki. 'Yan garinmu da ke ci-rani a Kudu suna saurare suna sa albarka.

Ana nan sai wata shekara wayoyi suka tsiro da sabon salo. Duk shafin da ba shi da satifiket na tsaro, sai su liƙa masa gargaɗi a gefen adireshi. Wanda ya mai da wayarsa Hausa, abin da zai gani shi ne: ba amintacce ba. Shafuka barkatai haka suke a lokacin, har na manyan makarantu. Amma shugaban kwamitin masallacinmu, wani dillalin hatsi, na Baba kaɗai idonsa ya gani. Da ma surukinsa ya dawo daga karatu a ƙasar waje, yana so ya ɗora shi a kujerar tafsirin ya rasa ta inda zai ɓullo. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Daga teburin mai shayi zuwa tasha ya dinga yawo da waya a hannu. "Ba ni na faɗa ba," in ji shi, "na'ura ce ta faɗa, ita kuwa ba ta da dangi a garin nan." Mutumin da ko lambar matarsa sai an lalubo masa! Kafin Sha'aban ya raba tsakiya, kwamiti ya ce zai zauna bayan sallar Juma'a ya duba wanda zai yi tafsirin bana. Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro, don kujerar nan ita ce shekarar Baba gaba ɗaya. Tun Rajab yake soma bitar littattafansa.

Na same shi a zaure na yi masa bayani. Na ce ba karatunsa ake zargi ba, shafin ne ba shi da mai shaidarsa. Akwai masu ba da shaidar cewa shafi na mai shi ne, su ma akwai waɗanda suka shaide su, har a kai ga tushen da kowace waya ta yarda da shi. In shafi ya shaidi kansa da kansa, ba a karɓa. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ashe su ma sun san isnadi. To je ka nemo masa ijaza."

Sabis mai ƙarfi a garinmu sai a kan tudun gonar kawuna. Can na tafi da kwamfutata cikin zafin bazara, na zauna gindin ɗorawa, masu jakuna suna wucewa da mangalar taki suna yi mini sannu da hutawa. Hutawa! Na shiga sabar, na nemi satifiket, masu bayarwa suka ce in ajiye wani ɗan fayil a shafin don su tabbatar nawa ne. Ina ajiyewa sabis ya ɗauke. Ya dawo, na sake, ya kuma ɗaukewa. Na zagi kamfanin layin nan zagin da ba zan iya rubutawa ba. Da ƙyar dai aka ba ni, na nuna wa sabar inda satifiket da mabuɗinsa suke, na juya tsohon adireshi zuwa sabo, na kashe ta na kunna. Gargaɗin ya ɓace, ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa ya fito a wurinsa, alamar babu mai leƙen abin da ke tsakanin shafin da mai saurare. Na sauko daga tudun ina jin kamar na biya wa Baba Makka.

Ranar Juma'a na shiga zaman kwamiti ba tare da an gayyace ni ba, na miƙa wa shugaban wayata. Ya ƙanƙance ido, ya ja hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar.

"La'ilaha illallahu!" ya ce. "Jama'a, ku zo ku gani. Hukuma ta garƙame masa kwaɗo!"

Na ce, "Haba Alhaji, wannan ai tsaro ne, ɓarayi aka kulle a waje."

"Kai, shagon da ka ga kwaɗo a ƙofarsa, a buɗe yake ko a rufe?"

Na danna, muryar Baba ta cika wurin yana fassara Suratul Mulk. Sai wani mai faci daga baya ya ce, "To ai ko a gidan yari ana jiyo muryar fursuna." Aka kwashe da dariya. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda Baba bai raɗa wa ɗansa suna ba, da yawansu shi ya sallaci iyayensu. Ba jahilci ba ne, wallahi, rabinsu sun gane sarai. Hatsin dillali ne ya fi musu daɗin hujja. A zaman nan aka ba surukin kujera.

Ran ɗaya ga azumi Baba ya saɓa buzunsa ya tafi masallaci, ya zauna cikin masu saurare. Ni na ƙi zuwa, don na san bakina.

Kwana kaɗan sai ga shugaban a zaurenmu, ko kunya babu, an tsikari kakkausa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce mutanen ci-rani suna ƙorafi ba sa samun tafsirin bana, ko zan buɗe wa sabon malam irin shafin nan. "Amma don Allah a yi shi a buɗe, ban da kwaɗon nan."

Na yunƙura zan ba shi amsar da ta dace da shi, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Zai yi muku," ya ce. Ya juyo gare ni. "Ka sa masa kwaɗon. Masu saurare ba su yi mana laifin komai ba." Sannan ya ƙara da cewa, "In sabar da ka kama haya ba za ta ɗauki shafi biyu ba, ka sauke nawa."