Mujiyoyin Bakin Tafkin Jabi

Shekarar da aka maido ni Abuja da aiki, iyalina suna Zariya, ba ni da abin yi ranar Asabar. Sai na sayi madubin hangen nesa na gwanjo a kasuwar Wuse, na riƙa zuwa bakin tafkin Jabi bayan sallar asuba ina kallon shirwa da shaho. Lokacin sanyi ne. Akwai wani babban shaho mai farin ƙirji da ba a ganinsa sai a watannin nan, yakan tsaya cak a sama, ya faɗo ruwa ya fito da kifi.

A can na saba da wani dattijo masunci da ke ɗaure kwalekwalensa a gindin wata tsohuwar ɗorawa. Oga yake ce mini, ni ina ce masa Baba.

Wata safiya na ɗaga madubi saman ɗorawar, sai ga mujiya biyu a bakin wani kogo a jikinta suna gyangyaɗi. Ban taɓa ganin mujiya kusa haka ba. Don murna na kira Baba, na miƙa masa madubin. Ya daɗe yana kallo. Da ya maido mini, sai ya ce matarsa ta yi sati uku a kwance, an rasa gane ciwon.

Na san abin da mutane ke faɗa a kan mujiya, da shi na tashi. Ɗoki ne ya mantar da ni. Na yi ta yi masa bayani cewa ɓera kawai suke ci. Ya ce to.

Asabar ta gaba na tarar kogon ya yi baƙi ƙirin, an cusa tsumma an cinna wuta. Gashin tsuntsu a ƙasa. Baba bai ɓoye cewa shi ya yi ba.

"Oga, da ba ka nuna mini ba, da ban sani ba," ya ce.

Na yi masa faɗa a gaban sauran masunta, har da Turanci. Ya sunkuyar da kai yana gyaran komarsa. Na tafi ban ko tambaye shi jikin matarsa ba.

Daga nan na koma ɗaya gefen tafkin. Sai gab da damina na yi ƙarfin halin zuwa in ba shi haƙuri. Masuntan suka ce ai matar ta rasu tun kafin a fara zafi, shi kuma ya sayar da kwalekwalen ya koma garinsu. Babu mai lambarsa a cikinsu.