Tawul ɗin Baba Cleophus

A unguwarmu ta Orange Mound, cikin Memphis, ka tambayi namiji yaya yake, ko gidansa na ci da wuta cewa zai yi, "Sai godiyar Allah." Haka iyayenmu maza suka koya mana, wai baƙar fata ba ya kuka a gaban mutane, don duniya jira take ta ga lagonsa. Ni kam amsar nan haushi take ba ni. Na raka gawar mutanen da suka mutu da ita a baki.

Baba Cleophus mai aski shi ne ya ƙi yarda da ita. Gajere ne, ga sanƙo tal, mun tsokane shi har mun gaji. Tun yana saurayi ƙanensa Lemuel ya zauna a kujerarsa, ya ce sai godiyar Allah, ya koma gida ya kashe kansa. Daga ranar, kowa ya zo aski sai Baba ya rufe masa fuska da tawul mai ɗumi, da gemu ko babu. Ya juya kujerar ta ba madubi baya, ya ƙaro rediyo, ya sunkuya daidai kunnensa: "Waccan amsar ta jama'a ce. Ni fa, yaya kake?"

A ƙarƙashin tawul wa zai bambance hawaye da tururi?

Da 'yar yayana Renard, direban bas, ta rasu a haɗarin mota, bai zubar da ƙwalla ba ko a coci. Ya daina cin abinci, ya fara rabar da ƙugiyoyinsa na kamun kifi. Na san mai shirin barin duniya ne. Na ja shi shagon da ƙyar.

"Kai, wannan suma ko daji?" in ji Baba. "Zauna, ɗana, kafin tsuntsaye su yi sheƙa."

Tawul na sauka, sai muka ga ƙirjin Renard yana rawa. Nan take muka kaure da musun ƙwallon kwando, kowa na ɗaga murya, ba wanda ya waiwaya. Abin da ya faɗa har yau ban sani ba. Na dai ji Baba yana cewa, "Ni gashi na iya yankewa. Wannan sai masu shi." Ya rufe shago da rana tsaka, ya kai shi wurin likitar da ke duba masu irin wannan damuwar, ya jira shi a waje. Yayana na nan da ransa. Wallahi ina son tsohon nan.

Bara matarsa Mama Vernice ta rasu. Washegarin jana'iza ya buɗe shago, ya ɗauki almakashi. Muka ce, "Baba, yaya ƙarfin hali?"

"Sai godiyar Allah."

Renard ya miƙe, ya zare almakashin daga hannunsa.

"Zauna, tsoho."

"Me za ka aske a nan?" Baba ya shafa sanƙonsa. "Kai da ko tuƙin ma da ƙyar?"

"Na ce zauna."

Ya zauna. Renard ya matse tawul, ya juya kujerar. Ni na ƙaro rediyo, na tayar da musu a kan wasan da ban ma kalla ba, muka yi ta ihu har muryata ta dishe.