Butar Malam

Shekararmu huɗu da aure lokacin da bayan Malam ya riƙe. A kamfanin jima yake aiki a Challawa, yana ɗaga jiƙaƙƙun fatun shanu yana lodawa a baro. Wata Talata ya sunkuya, ya kasa miƙewa. Abokan aikinsa biyu suka kawo shi gida Zawaciki a kan keke, ɗaya na turawa, ɗaya na tallafe da shi.

Washegari Inna, mahaifiyarsa, ta iso daga ƙauye. Ta haɗa masa katifa biyu, ta hana shi ko juyi. Abinci har gado, ruwan alwala a kwano, salla a kwance. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho. Duk mai dubiya maganarsa ɗaya: "Kwanta, kada ka motsa." Aka yi sati biyu, baya sai ƙara sandarewa yake. Sai foman ya aiko cewa in bai koma ba zuwa ƙarshen wata, za a sa wani a gurbinsa.

Ranar Juma'a malamin asibitin kamfanin, wani dattijo, ya zo dubiya. Ya danna bayan, ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko suna mutuwa, ko fitsari na gardama. Malam ya ce a'a.

"To, ƙashi lafiya lau," in ji shi. "Kwanciyar ce ke cin ka."

Ina bayan labule ina rubuta abin da ya faɗa a bayan kalanda. Na farko, tabarma a ƙasa. Na biyu, gashi da ruwan zafi safe da yamma. Na uku, tausa da man zafi. Na huɗu, tafiya kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Uku na farko Inna ta yarda. Na huɗu ta ƙi.

"Ke 'yar nan, ɗan nawa za ki ƙarasa?"

Malam ya kawar da kai. Ba ya musu da ita, kuma na ga shi ma tsoro yake ji.

Ni ba a koya mini ja-in-ja da suruka ba. Da aka kira azahar, ban kai kwano ba. Na cika buta na ajiye a bakin ƙofar ɗaki.

"Ina ruwan?"

"Ga shi nan, Malam. Hannuna da ƙullu."

Ya kalle ni, ya kalli butar. Lokacin salla na tafiya. Ya dafa bango ya tashi, taku uku, gumi na zuba. Ina tsaye a bayansa, ban taɓa shi ba.

Kashegari na ajiye ta a gindin turmi. Sannan gindin darbejiya. Sannan bakin rijiya. Kullum ina ƙirga takun in rubuta.

"Butar nan ta fi ni lafiya," in ji Malam. "Ko yaushe tana gaba."

Inna kuwa kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. A rana ta takwas na fito da la'asar zan matsar da butar, ban same ta ba. Na hango Inna ta ɗauke ta, ta nufi zaure.

"Me kike kallo?" ta ce. "Can ya fi inuwa."

Saura kwana uku wata ya ƙare, ya taka da ƙafarsa har bakin titi ya hau motar kamfani. Wunin ranar na kasa zama. Na share tsakar gida sau biyu, Inna na jan carbi a ƙofar ɗaki.

Da yamma ya yi sallama, yana tafiya a hankali, yana warin jima.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya bayan?"

"Yana nan. Sun mai da ni wajen tantance busassun fatu, ba ɗaukar nauyi sai na warware."

Inna ta shafa addu'a. Ni na juya na ɗora ruwan gashi, don kada su ga idona.