Muryar da Muka Tafa wa Ranar Binne Lonzo Tarver

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris na 2014, Lonzo Tarver ya rasu a gidansa da ke kudancin birnin Memfis, a jihar Tenesi, yana da shekara saba'in da takwas, bayan ya sha fama da ciwon huhu. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa. Sunana Purvis Gaines, mai shagon aski. Ni nake yi masa aski tun kansa yana baƙi wuluk har ya koma fari kamar auduga. Fasto ya ce in rubuta wani abu a kansa tun da na fi kowa bakin yabonsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami, amma Allah ya sani da kunya nake rubutun nan.

Lonzo, yaran yanzu sun san ka ne a matsayin tsohon nan mai hular malafa da ke zama a layin gaba a coci. Ba su ga lokacin da kake tsalle daga kan fiyano da jita a wuya ba, 'yan mata suna ihu har muryarsu ta dushe. A 1957 ka fitar da faifanka na kiɗan rawa da ake kira rok-an-rol, "Jirgin Asabar", muka yi ta rawa da shi a unguwanninmu har takalma suka ƙare. Ba a rufa wata biyu ba wani yaro farar fata mai suna Delmar Pruitt ya sake rera waƙar, kamar yadda ake yi wa mawaƙanmu a zamanin. Manyan gidajen rediyo suka ɗauki tasa, suka bar taka a gefe. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma na Delmar ya rufe katarar har da mai zanen. Ya yi suna, ya shiga fina-finai, yau akwai titi mai sunansa. Kai kuwa ka koma tuƙa motar kai burodi, ka yi ta yi har ka tsufa.

Ban taɓa jin ka zage shi ba. Da Delmar ya mutu, ranar da aka zo wucewa da gawarsa, ka saka kwat ɗinka ta zuwa coci, ka tsaya bakin titi da hula a ƙirji har motar ƙarshe ta wuce. Na ji haushinka ranar, na kuma gaya maka. Ka ce da ni, “Purvis, yaron ya iya waƙa, kuma yana da uwa kamar kowa.”

Alherinka ba mai ƙara ba ne. Burodin da ya kwana a mota, wanda kamfani ya yarda a zubar, ba ka taɓa zubarwa ba. Ka san ƙofofin da za ka ajiye shi ka wuce ba tare da ka ƙwanƙwasa ba. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali, ba ta gane kowa, kai ne kake biyowa bayan ka tashi aiki, da kayan aikin a jikinka, ka zauna gefen gadonta kana rera mata waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. Mu 'ya'yanta ba ta juyowa in mun yi magana, amma in ka fara sai ka ga yatsunta suna motsi a kan bargo.

Amma a shagona ba wannan muke tattaunawa ba. Gardama ɗaya ce ta ci mana shekaru: tsakanin Lonzo da Delmar, wa ya fi iya waƙa? Ni ne sarkin yaƙinka. Abokin karawata Elbert Mayhew ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, baƙar fata ɗan'uwanmu, wanda ya kafe kai da fata cewa Delmar ya fi ka murya. Muna kiransa ɗan koren Bature, shi kuma ya ce ai kunne ba shi da ƙabila. Babban makamina shi ne ƙarshen waƙar, wurin da murya take haurawa sama, ta yi ta hawa kamar jiniyar jirgin ƙasa, ba ta karye ba. Nakan ɗaga almakashi in ce, “Elbert, wannan hawan fa? Duk Tenesi wa ya isa in ba Lonzo ba?” Elbert ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dube ka, ya fasa. Ni kuwa in ɗauka na kayar da shi.

Kana zaune a kujerar, ƙyalle a wuyanka, muna musu a saman kanka kamar ba ka nan. Sau ɗaya tak ka tanka. Ka dube ni ta madubi ka ce, “Purvis, yaushe rabonka da jin faifan nan nawa?” Na ce ai a kaina yake, ba sai na kunna ba. Ka yi murmushi ka ce in rage maka ta wajen ƙeya. Gaskiyar magana, nawa faifan ya fashe tun ina saurayi, ban kuma nemi wani ba.

Sai ga ranar Asabar. Bayan mun dawo daga maƙabarta muka taru a zauren coci don cin abinci, kamar yadda aka saba. Matan coci sun soya tarwaɗa da kaza, ga burodin masara, ga ganye. Matarka, Sista Ozella, tana zaune a teburin gaba cikin fararen kaya. Mutumin kamfanin jana'iza ya so ya kyauta mana, ya nemo sunan waƙarka a kwamfuta, ya kunna wadda ta fara fitowa.

Zauren ya ɗauka. Tsofaffi suka ajiye cokali suna tafi, wasu na kuka, wasu na rawa a zaune. Da waƙar ta iso wurin hawan nan, muryar ta haura sama fes, sai na miƙe tsaye, da cinyar kaza a hannuna, hawaye na zuba, na ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Elbert! Ka ji murya ko? Ina Baturen naka? Ya zo ya yi wannan mu gani!” Mutane suka yi shewa, aka tafa mini. Elbert bai ɗago kai daga farantinsa ba.

Sista Ozella ta dafa sandarta ta tashi. Ta taka a hankali har wurin mutumin, ba ta ɗaga murya ba, amma duk mun ji. Ta ce, “Ɗana, don Allah kashe. Wannan ba mijina ba ne.”

Muryar Delmar Pruitt muka tafa wa, Lonzo. A zauren cocinka, ƙasar kabarinka ba ta bushe a takalmanmu ba, mu da muka tashi da kai, muka yi kuka da muryar wanda ya ɗauke maka waƙa. Ba na ganin laifin mutumin kamfanin, ba a haife shi ba lokacin. Mu ne muka ce mun san ka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san yadda na zauna ba, ban kuma san inda na ajiye kazar ba.

Ranar Talata da safe Elbert ya shigo shago da wani ƙaramin garmaho a hammata da faifai a cikin tsohuwar takarda. Na ɗauka ya zo ya yi mini dariya ne, ya kuwa isa. Sai ya ce, “Rufe shagon, mu je gidan Ozella. Ka wanke fuskar nan tukuna, ka yi kama da wanda aka kama yana satar kaza.” A hanya na tambaye shi ina ya samu faifanka. Ya ce, “Tun fitowarsa na saya. Kai ka ɗauka haka kawai nake cewa wane ya fi wane? Ai sai da na saurari dukkansu.”

Faifan da Sista Ozella take da shi ya daɗe da lalacewa saboda yawan kunnawa. Muka zauna a falonka, hularka tana rataye inda ka bar ta. Allura ta sauka, faifan ya yi ƙarar tsufa, sai ga ka. Muryar ba mai faɗi ba ce, akwai kaushi a cikinta, tana ɗan tsagewa in ka matsa mata. Kafin baiti na biyu ka yi wata 'yar dariya. Sista Ozella ta ce ita ce ta leƙo ta gilashin ɗakin ɗaukar waƙar ta yi maka gwalo, aka bar dariyar a ciki. Na zuba kunne ina jiran hawan nan nawa. Da aka iso wurin, ba ka hau ba. Ƙasa ka yi da muryar, ƙasa sosai, kamar mai lallashi, irin yadda jirgi ke lafawa in ya iso tasha. Nan take na gane ta, domin da ita ka rera wa mahaifiyata.

Ashe hawan nan na Delmar ne, shi ya ƙara shi. Rediyo ya yi ta zuba mini shi a kunne har na manna masa sunanka. Duk shekarun nan kana zaune ƙarƙashin almakashina, kana jin ina yabon wani da sunanka a gaban jama'a, ba ka taɓa gyara mini ba. Elbert ma ya sani. Ya ce tun da daɗewa ka tare shi a waje ka ce, “Ka ƙyale Purvis, yana jin daɗin abinsa.” Ku biyu kuka rufa mini asiri, ni kuma na tona wa kaina a ranar da ta fi kowace muni.

To, ga hukuncin da na ƙi yankewa da gaskiya kana raye. Delmar ya fi ka ƙarfin murya, ya fi ka tsabtarta, ya kai inda ba ka kaiwa, kai ma ka faɗa mini yaron ya iya waƙa. Kai kuma kana waƙa kamar mutum ɗaya kake yi wa, kuma ka san sunansa. Wanda ya fi a cikinku, ba ni da bakin faɗa yanzu. Na daɗe ina yi maka faɗa saboda namu ne kai kuma an cuce mu, amma sauraronka ban yi ba. Ka yafe mini, ɗan'uwana.

Elbert ya bar wa Sista Ozella faifan da garmahon. Ta ce in na ga dama in riƙa zuwa ina ji, amma da sharaɗin in yi shiru har ya ƙare.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sista Ozella, da 'ya'yansu Vernell da Althea, da jikoki, da dukan jama'ar cocinmu. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya cike muku gurbin da ya bari. Sista, abin da na yi a gabanki ranar Asabar, ki yi mini afuwa. Kai kuma Lonzo, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi a ɓoye, ya ba ka hutawa. Ka tafi wurin Wanda ba ya ruɗa muryar bawansa da ta wani. Ko ƙasa-ƙasa ka kira Shi, zai san kai ne. Amin.