Kwanon da Ya Ƙi Zama Ƙubba

Da na gama karatun zanen gine-gine na dawo Birnin Kebbi, ɗan wan babana ne ya ba ni kujera a ofishinsa da ke Badariya. Ya girme ni sosai, shi ma zanen ya karanta, kuma tun ina ƙarama Yaya nake ce masa. Shi ke fita neman aiki, ni ke zama gaban kwamfuta.

Abin da ya fi cin raina a lokacin shi ne ninki. Teburina kullum cike yake da kwali da almakashi da gam. Na lura cewa kwali kwance ba ya iya ɗaukar ko kofin shayi, amma da an ninka shi sama da ƙasa sai ya tsaya da ƙarfinsa. Kwanon rufi ma haka yake. Yana ninkuwa, yana naɗuwa ta gefe guda kamar tabarma, amma ba ya miƙewa kamar roba. Za a iya naɗa shi a jikin taɓarya ya kwanta lumui. In aka ce a lulluɓe ƙwarya da shi kuwa, dole ya yamutse ko ya yage. Yaya in ya shigo ya gan ni ina ninke-ninke sai ya yi dariya ya ce, "Ke har yanzu ba ki bar wasan ƙasa ba."

Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Argungu ya nemi a yi masa babbar rumfa, inda motoci za su shiga su sauke buhuna ba tare da ginshiƙi ya tare musu hanya a tsakiya ba. Yaya ya jefo mini aikin ya tafi harkokinsa. Na daɗe a kansa, har na fito da rufi mai lanƙwasa kamar bayan kwalekwale da aka kife, duk jikinsa ninki ne, kowane ninki na tallafar ɗan'uwansa. Na yi ɗan samfurinsa da kwali. Na kuma shimfiɗa kowane falle a kwamfuta, yadda injin yankan ƙarfe zai karanta ya yanka daidai.

Ranar nuna wa Alhaji, ni na riƙe samfurin a cinyata tun daga Birnin Kebbi har Argungu. Muka iske shi a tsakar ma'aikatarsa tare da ƙannensa da manajansa. Yaya ya karɓi samfurin daga hannuna ya aza a tebur, ya shiga bayani da kalmomin da ya ji a bakina cikin mota. Alhaji ya duba ya yi murmushi, sannan ya nuna ni da haɓa.

"Wagga ɗiya hwa?"

"Ƙanwata ce, Alhaji," in ji Yaya. "Ita ke buga mana takardu a ofis."

Manajan ya miƙo mini jakar Yaya ya ce in riƙe masa. Na karɓa na riƙe.

Kafin mu tashi Alhaji ya ce rufin ya yi masa, sai dai yana son ya tasa ta kowane gefe, ya yi kamar ƙubba, a riƙa hango shi daga titi. Yaya bai ko kalle ni ba ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi.

Washegari ya zauna a kujerata, ya buɗe zanena, ya ja tsakiyar rufin sama har ya kumbura ta ko'ina. A fuskar kwamfuta abin ya yi kyau ƙwarai. Ina tsaye a bayansa, na san ya mayar da tabarma ƙwarya. Na san fallayen ba za su haɗu ba, ba kuma za a kai ga ɗora su a kan kowa ba, tun a ƙasa za su ƙi. Na jira ya waiwayo ya tambaye ni. Ya waiwayo, amma cewa ya yi in kawo masa ruwan sanyi. Na kawo masa. A ƙarshen makon na kwashe kwalayena na ce masa na bar aiki.

Mai injin yankan wani mutumin kudu ne da ya daɗe a garin, Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya kira ni ya ce, "Hajiya, fayil ɗin nan da ogan ki ya turo, kin duba shi kuwa?" Na ce masa ni yanzu ba ni da oga, ya tambayi mai zanen. Ya tambaya, Yaya ya ce ya yanka kawai. Inji kuwa abin da aka ba shi yake yi. Ya yanka duka, tsaf.

Da labari ya iso mini cewa an fara haɗawa, na shiga motar haya na tafi Argungu ba tare da kowa ya gayyace ni ba. Na sayi soyayyen kifi, na sami inuwa a tsallaken titi daidai ƙofar ma'aikatar na zauna. Masu walda na jan falle ya haɗu a sama, sai ya buɗe baki a ƙasa. Su danne ƙasan, gefe ya ɓalle. Suka koma dukan kwanon da guduma har ya yamutse kamar tsohon gwangwani. Yaya na tsakiyarsu, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi, yana ta nuna musu zanen a wayarsa. Na cinye kifina har kai. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba.

Manajan ne ya hango ni, ya kai ni gaban Alhaji. Ashe mai injin yankan ya riga ya gaya musu ko wace ce ke turo masa zane tun da can.

"Ɗiyata, kina iya gyara wanga abu?"

"Ina iyawa, Alhaji. Amma ƙubba ba za ta samu da kwano haka ba, sai dai mu koma kan na farko. Kuma kafin in taɓa komai, ina son Yaya ya faɗa a nan, gaban waɗannan mutane, wa ya zana na farkon."

Masu walda suka kashe injinsu. Yaya ya matso ya rage murya ya ce, "Haba, mu je gida mu yi magana." Na ce a nan aka yi ta farko. Ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi ƙasa. Daga ƙarshe ya ce, "Ita ta zana." Na ce ƙannen Alhaji da ke can baya ba su ji ba. Ya maimaita da ƙarfi.

Aka koma kan zanena na farko. Rumfar na nan tsaye yanzu, motoci na shiga suna fita. Inna ta yi fushi da ni na tsawon lokaci. Ta ce na tozarta ɗan'uwana a gaban bare, ta ce in je in ba shi haƙuri. Na ce mata duk ranar da ya fara ba ni, zan duba. Bai zo ba, ni ma ban je ba. In mun haɗu a suna ko biki mukan gaisa, ya tambayi aiki in ce alhamdu lillahi.

Yamutsattsun fallayen kuwa Alhaji ya rabar da su ga wasu manoman albasa na Augie, suka kewaye wurin ajiyarsu da su don awaki. Duk lokacin da aiki ya bi da ni ta can, nakan ce wa direba ya rage gudu.