Tuwon Jajen da Muka Ci a Lewisham

Shekarar da maigidana ya fara digiri na biyu a kan shari'ar masu laifi da tafiyar da kotu, ni ya fara gurfanarwa. In na ce yarinya ce ta fasa kofi, sai ya ce ina shaida. Ni da na tsaya a firamare, shaidata tsintsiya ce.

Malamansa suka ce kowane mako ya je kotun majistare ya zauna a baya, ya ga yadda ake yi. Duk Talata sai ya sa baƙar kwat, ya ɗaure fuska, ya hau bas. Wani direban tasi ɗan garinmu ya hango shi a ƙofar kotun ana caje shi, har an sa ya cire bel. Mako na zagayowa ya sake ganinsa.

Ban san da wannan ba lokacin da Hajiya ta zo. Ita ce babbarmu a unguwar, kuma jikarta ce kaɗai ƙawar 'yata. Yarinyata ba ta da sakewa, a nursery jikin bango take wuni. In ba gidan Hajiya ranar Asabar ba, ba ta da inda take dariya.

Hajiya ta ajiye kular tuwo da miyar kuka, ta zauna ko mayafi ba ta sauke ba.

"Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya kyauta."

Na ce, "Amin, Hajiya."

To me zan ce? A wurinmu mai jaje ba ya faɗin abin da ya kawo shi, kai ma ba ka tambaya. Na ɗauka zazzaɓin da yarinya ta yi ne. Bayanta mata suka yi ta zuwa, wannan da dambu, waccan da funkaso, kowa Allah ya kiyaye gaba, ni kuma amin. Maigidan yana ci yana cewa mutanenmu sun fara sanin darajar mai ilimi.

Ranar Asabar na kai yarinya. Hajiya ta tare ƙofa ta ce jikarta barci take, alhali ina jin gudunta a kan bene. Wata Asabar ɗin aka ce ta fita. 'Yata ta koma tsayawa a ƙofar flat ɗinmu da takalmi a hannu, tana kallona. Sai a kasuwa matar direban ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, kowa da jarrabawarsa. Wai shekara nawa za su ba shi?"

Na dawo gida na gaya masa. Dariya ya yi.

"Wannan ji-ta-ji-ta ne. Babu kotun da ke karɓarsa."

"Kotun Hajiya ta karɓa, Malam, har ta yanke hukunci. 'Yarka ce ke zaman kason."

"Wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja," in ji shi, yana kankare sauran dambun mutane.

Na san musu ba zai yi ba, bayan duk amin ɗin da na zuba. Sai na roƙi Hajiya ta raka ni kotu ranar Talata. Ta zo da leshinta mai kyau da carbi, kamar mai zuwa zaman makoki. Ni ko mai duba tikitin jirgin ƙasa na gani gabana faɗuwa yake, balle masu gadin kotu, amma na shiga.

Muka same shi a layin baya, kansa na rinjaya. Aka kawo wani da bai biya kuɗin jirgi ba, aka kawo wata da ta ɗauki nama a kanti. Hajiya ta matso.

"Yaushe za a kira shi?"

"Ba za a kira shi ba, Hajiya. Karatun ke nan."

"Kallon?"

"Kallon."

Ta ce, "Ikon Allah. Mu a gida mai zuwa kallon tonon asirin mutane ba ɗalibi muke ce masa ba."

A waje ya gaishe ta, ya gyara murya zai fara bayanin tsarin shari'a. Ta katse shi.

"Ɗana, matar nan mai nama, me za su yi mata?"

"An ɗage sai mako mai zuwa, Hajiya."

"To ka biyo mini mu zo tare."

Ranar Asabar da kanta ta yi waya, ta ce in kawo yarinya, in haɗo da kularta. Tun daga ƙasan bene 'yata ta saki hannuna, ko waiwaye ba ta yi ba.

Direban tasin nan kuwa yanzu Hajiya yake gani duk Talata ana caje mata jaka. Na ji mata sun fara jiƙa shinkafar tuwon jajenta. Ni dai babu wanda ya tambaye ni.