Hanyar da Baba Ingila Ya Hana a Toshe

Ku da kuka san surukina Malam Sule, wanda duk unguwarmu ta Atrone ke kira Baba Ingila, kun san ba ya fita sai da lema, ko da tsakiyar bazara ce. In an yi masa tsiya sai ya ɗaga kai ya ce sama ba ta da amana, a ƙauyensu ya koya.

Ƙauyen nasu kuwa wani ɗan ƙauye ne a Ingila. Yana saurayi ya yi wa wani Bature likitan dabbobi kuku a unguwar Farcha, shi ya tafi da shi gida wata bakwai. Labarin watannin nan bakwai muka yi ta sha shekara ashirin. Tudu uku, rafin da akuya za ta tsallake, cocin dutse da ya girmi kakan kowa, kanti ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya, tumaki ba makiyayi. Ya ce gaisuwarsu duk zancen ruwan sama ce, ba mai tambayar iyali. Na ce ai wannan rashin tarbiyya ne. Ya ce, "A'a, 'yata, ruwan ne iyalinsu."

Ran da Gwaggo, matarsa, ta aike shi sayen nama, ya je ya kafa layi shi kaɗai, mutane na ta miƙa hannu ta kansa har naman ya ƙare. Ya dawo da kwano wayam, yana cewa shi ne na ɗaya, sauran ne ba su shigo layin ba. Miya lami muka sha ranar.

Sai maganar hanya. Akwai 'yar hanyar da muke bi zuwa famfo, ta cikin wani fili. Wani Alhaji ɗan kasuwa, sabon zuwa daga Najeriya, ya sayi filin ya kewaye da kwanon rufi. Ga damina, mu mata sai mun zagaya ta kwari, ruwa har gwiwa, da bokiti a ka. Baba ya ce a ƙauyensu hanyar da ƙafa ta saba bi, ko ta ratsa tsakiyar gona ba a toshe ta, mai gonar ma shi ke kafa matakalar katako a kan shinge.

Bai kai ƙara ko'ina ba. Katako ya samo ya haɗa matakala. Kullum da hantsi, tsoho mai kusan tamanin, sai ya hau ya dira a filin, ya gaida Alhaji, ya ce yau kamar za a yi ruwa, ya wuce.

Alhaji ya ce, "Baba, nan fa ba Ingila ba ce. Saye na yi."

"Filin ka saya, Alhaji. Hanyar ta riga ka zuwa."

Rana ta tara babbar rigarsa ta maƙale a kwanon, ya tsaya can sama, ba hawa ba sauka. Alhaji da kansa ya rungumo shi ya sauke, yana salati. Washegari ya sa aka ja shingen baya kamu huɗu, ya ce gara haka da a ce tsoho ya karye a gidansa.

Har yau ta nan muke ɗebo ruwa. Ta nan kuma aka fita da Baba ran da ya rasu, Alhaji na riƙe da gaban makara. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sa kada ya tarar da ƙofa a rufe.